Muhammadu Kanta: Sarkin Kabi da ya mayar da cikar gulbi hanyar mulki

Gulbin Rima fuska biyu gare shi. Daga tsakiyar rani zuwa ƙarshen bazara, a yankin Sabon Birni da Isa, wurare da yawa na gulbin yashi ne shimfiɗe. Mai babur ya ratsa, makiyayi ya kora shanunsa, mata su tona 'yan rijiyoyi a tsakiyarsa su ɗebi ruwa. Da zarar damina ta kankama, sai sabon ruwa ya gangaro daga ƙasar Katsina da Zamfara da Maraɗi, ja wur da laka, ɗauke da itatuwa da tarkace, hanyar da aka bi jiya ta ɓace. Daga nan har zuwa kaka, mutumin Burkusuma ko Gatawa ko wani ƙauye na wannan yanki da ke son kai kaya kasuwa ko kai mara lafiya asibiti dole ya yi lissafi da ruwa, kuma sau da yawa sai ya jira masu fito.

Akwai wasu al'ummomi a can ƙurewar arewacin duniya da suke rayuwa da irin wannan kogi. A Alaska da arewacin Kanada da Saberiya, koguna kan daskare a lokacin sanyi har su zama hanyar da ake bi da ƙafa da abin hawa. Idan bazararsu ta zo, sai ƙanƙarar ta tsattsage ta kama hanya da rugugi, a yi kwanaki ba a iya takawa, ba a kuma iya saka jirgi. Bayan ta wuce ne ake fito da jirage, har da ɗan ƙaramin kwale-kwalen nan na mutum ɗaya da ake kira kayak, wanda al'ummar Inuwit suka fara ƙerawa da fata. A garin Nenana na Alaska, tun shekarar 1917 ake gasar hasashen ranar da ƙanƙarar Kogin Tanana za ta fashe, saboda muhimmancin wannan rana a rayuwarsu.

Abin da ƙanƙara take musu, shi yashi yake mana. A can da nan, ranar da kogi ya sauya fuska, hanya ɗaya ta mutu wata ta buɗe, kuma mai jirgi ne ke da ta cewa. Shekaru ɗari biyar da suka wuce, a kan wannan ruwan da ke wucewa ta Sabon Birni, an yi wani mutum da ya gane haka ya kuma gina daula a kai. Shi ne Muhammadu Kanta, wanda ake kira Kanta Kotal, mutumin da ya kafa daular Kabi.

Ƙasar da ruwa ke juyawa

Kafin a fahimci Kanta sai an bi gulbin. A yankin Isa da Sabon Birni ne gulaben Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ke haɗuwa su zama Rima. Daga nan ruwan ya bi ta Goronyo da Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sannan ya karkata kudu ta Argungu da Birnin Kebbi, inda ake kiran sa Gulbin Kabi. Ya karɓi Gulbin Zamfara da Gulbin Ka kafin ya faɗa Kogin Kwara.

A ɓangaren Kabi, gulbin yana gudana ne a cikin fadama mai faɗin kilomita da dama. Idan ruwa ya cika a watan Agusta da Satumba, fadamar kan koma kamar teku, garuruwan da ke kan tudu su zama tsibirai. Idan ya janye, ya bar tafkuna cike da kifi, da ƙasa mai albarka, da ciyawa ɗanya ga dabbobi a lokacin da ko'ina ya bushe. A nan ake noma shinkafar gargajiya mai jure zurfin ruwa tun kafin zuwan irin zamani.

Mutanen wannan kwari sun haɗa da manoma da makiyaya da masunta. Daga cikin masuntan akwai Sarkawa, waɗanda masana ke danganta asalinsu da Sorko, wato masu su da tuƙin jirgi na ƙasar Songhai a Kogin Kwara. Ta yamma kuwa daular Songhai ce mai hedikwata a Gao, ta arewa ƙasar Azbin, ta gabas Zamfara da Katsina da sauran ƙasashen Hausa. Kabi ta zauna ne a tsakiyar masu ƙarfi, kuma kafin Kanta ba ta da wani babban sarki da ya haɗa kanta.

Daga Kuyambana zuwa bakin gulbi

Kanta ya taso ne a ƙarshen ƙarni na 15. Ruwayar Kabawa ta nuna cewa mahaifinsa, Makata, ya zauna a Kuyambana, wadda a yau take kudancin Jihar Zamfara amma a wancan zamani tana ƙarƙashin Katsina, kuma mahaifiyarsa 'yar gidan sarautar Katsina ce. Bayan rasuwar mahaifin, sarautar garin ba ta faɗo kansa ba. Sai ya yi fushi ya bar gida, ya shiga daji yana kiwon shanun Fulani.

A wannan zama na kiwo ne sunansa ya fara fita. Tarihin baka ya siffanta shi da ƙaƙƙarfan saurayi wanda ba a kayar da shi a kokawa ko a dambe, yana bin garuruwa yana buge zakarunsu, samari marasa abin yi suna bin bayansa. Da wannan tawaga ya yi yamma har ya isa kwarin Gulbin Kabi.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri wanda ya kammala a 1812, ya kawo wata ruwayar dabam, inda ya bayyana Kanta a matsayin bawan Fulani da ya yi tawaye ya ci ƙasashe. Yana da kyau mai karatu ya tuna cewa Bello ya yi rubutun ne a lokacin da ake yaƙi tsakanin masu jihadi da zuriyar Kanta. Duk da haka ruwayoyin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: mutumin bai gaji gadon Kabi ba, da hannunsa ya kafa shi. Shi kansa Bello ya tabbatar da cewa a tarihin waɗannan ƙasashe ba a yi daular da ta kai ta Kanta ƙarfi ba, kuma kufan biranensa sun fi duk wani kufai da ya taɓa gani.

Rikicin ganima da Askiya

Rubutaccen tarihin da ya fara ambaton Kanta da shekaru shi ne Tarikhus Sudan, wanda Abdurrahman as-Sa'adi na Tumbuktu ya rubuta a wajejen 1655. A cikinsa Kanta ya bayyana a matsayin mai mulkin garin Leka, kuma ɗaya daga cikin masu biyayya ga Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin Songhai a 1493.

A wajejen 1515 Askiya ya kai yaƙi Agadas, Kanta da mutanensa suna cikin rundunar. An ci nasara, an kwaso ganima, amma da aka juyo gida ba a bai wa Kanta rabonsa ba. Ya kai kuka wurin Dendi-fari, wato hakimin da ke kula da yankin Dendi, wanda shi ne babban jami'in Askiya mafi kusa da Kabi. Maimakon ya sasanta, sai ya gargaɗe shi cewa neman rabo daidai yake da tawaye. Mutanen Kanta suka ƙi haƙura. Aka gwabza, Kanta ya janye biyayyarsa, ya koma kwarinsa.

Shekarar 1516 ce ake ɗauka a matsayin mafarin daular Kabi mai cin gashin kanta. A 1517 Askiya ya tura runduna don ta dawo da shi kan hanya, ta koma ba tare da biyan buƙata ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a lokacin Songhai ce daula mafi ƙarfi a Afirka ta Yamma, ikonta ya taso daga kusa da Kogin Sanagal har Azbin.

Taɓon Wantaramasa

Bayan an sauke Askiya Muhammadu, Songhai ta sake gwada sa'arta a zamanin Askiya Muhammadu Bunkan, wanda ya yi mulki daga 1531 zuwa 1537. Shi da kansa ya jagoranci yaƙin. Aka haɗu a wani wuri da ake kira Wantaramasa, Kabawa suka tarwatsa rundunarsa. Tarikhus Sudan ya kawo cewa a wajen gudu sai da suka faɗa wani wuri mai taɓo, har ɗaya daga cikin manyan fadawansa ya goya shi a wuya kafin ya tsallake.

Wannan ɗan bayani na taɓo ya haska yadda ƙaramar ƙasa ta gagari babbar daula. Ƙarfin Songhai a fagen fama dawakai ne, haka Borno, su kuwa Abzinawa raƙuma. Doki mai ɗauke da barde da lifidi ba ya da amfani a cikin laka, raƙumi kuwa ya fi shi shan wahala. Shi ya sa a duk faɗin ƙasar Sudan ake fita yaƙi bayan an yi girbi, a dawo kafin ruwa ya sauka. Mai son cin Kabi yana da 'yan watanni ne kacal a shekara, kuma ko a cikinsu akwai tafkuna da lakar da ba ta gama bushewa ba, waɗanda ɗan gari ne kawai ya san mashiginsu.

Daga baya, a zamanin Askiya Dawuda wanda ya hau gado a 1549, ɓangarorin biyu suka yi sulhu. Songhai ba ta sake mayar da Kabi ƙarƙashinta yadda take a da ba.

Surame da Gungu da Leka

Kanta bai dogara da ruwa kaɗai ba. Ya san rani na zuwa, gulbi zai janye, dawakai su samu hanya. Don haka ya gina birane masu ganuwa, waɗanda suka fi shahara su ne Surame da Gungu da Leka. Kalmar gungu kanta tana nufin tsibiri, kamar yadda ake kiran mazauna tsibiran Kwara na ƙasar Yawuri da suna Gungawa.

Surame ce ta zama babban birninsa. Kufanta yana nan yamma da Sakkwato, a yankin Binji da Silame. Abin da ya bambanta ta da sauran biranen ƙasar Hausa shi ne an yi amfani da duwatsu a ganuwarta, ba jar ƙasa zalla ba, shi ya sa har yau ana ganin sawun katangun da ƙofofin. Faɗin wurin ya kai kimanin murabba'in kilomita 9. Gwamnatin Najeriya ta ayyana shi a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1964, kuma a 2007 aka saka shi a jerin wuraren da ake neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya.

Irin wannan gini ba ya yiwuwa sai da dubban hannaye, kuma tarihin baka bai ɓoye cewa aikin tilas ne ba. An ce kowace ƙasa da ke ƙarƙashinsa an yanka mata ɓangaren ganuwar da za ta gina. Abzinawa an umarce su su ɗauko ruwan kwaɓa ƙasa a kan raƙuma tun daga ƙasarsu, duk da gulbi na kusa. Nufawa kuwa da suka makara, hukuncinsu shi ne su kwaɓa nasu ɓangaren da man kaɗanya. Ko da an yi ƙari a cikin waɗannan labarai, sun nuna yadda mutane suka tuna da shi: sarki mai tsanani wanda ba a yi masa gardama.

Bello ya lissafa ƙasashen da ikon Kanta ya kai gare su, ciki har da Katsina da Kano da Gobir da Zazzau da Azbin da wani ɓangare na Songhai. A wancan lokaci Gobirawa suna can arewa, ba su riga sun sauko bakin Rima ba, yankin da Sabon Birni da Isa suke a yau kuwa yana cikin ƙasar Zamfara.

Jirgin tagulla mai matuƙa hamsin

Daga cikin duk abin da ake faɗa game da Kanta, labarin jirginsa ne ya fi dacewa da ƙasar da ya mulka. Ruwayoyin Kabawa, waɗanda aka rubuta a littattafan tarihin lardin Sakkwato, sun nuna cewa yana da wani babban jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, mutum hamsin ke tuƙa shi, kuma da shi yake zagaya garuruwansa idan gulbi ya cika.

Kwale-kwalen da aka saba gani a wannan gulbi sassaƙe ne daga gungumen itace guda, irin su maɗaci, mutum ɗaya ko biyu ke tura shi da gora ko filafili. Masunta da yawa ma ba sa buƙatar jirgi, a kan ƙaton goran duma suke kwanciya su bi ruwa da homa a hannu, kamar yadda ake gani a Argungu har gobe. Jirgin da zai ɗauki matuƙa hamsin aiki ne na masassaƙa da maƙera da ƙwararrun matuƙa da aka tsara a ƙarƙashin shugabanci ɗaya.

Ita ma tagullar magana ce. A wancan zamani dukiya ce mai tsada, har ana ciniki da ita a matsayin kuɗi. Matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Battuta, wanda ya ziyarci Takedda a ƙasar Azbin a 1353, ya bayar da labarin yadda ake fitar da tagulla daga can zuwa Gobir da Borno. Sarkin da ya lulluɓe jirginsa da ita yana sanar da duk wanda ya hango ƙyallinsa daga gaɓa cewa hanyar arewa tana hannunsa.

Amma babban amfanin jirgin na mulki ne. Damina ita ce lokacin da sarakuna ke rasa ganin ƙasarsu. Manzo ba ya iya zuwa, hakimi na nesa ya zama sarkin kansa na wata uku ko huɗu, mai shirin tawaye ya samu sarari. A ƙasar Kabi abin ya juya. Lokacin da dawakan maƙwabta ke ɗaure a turke, lokacin ne hanya ta fi buɗe wa Kanta, domin ruwan da ya raba garuruwa ga mai tafiya a ƙasa shi ne ya haɗa su ga mai jirgi. Hakimin da ke tsibiri ya san sarki na iya sauka a mashayarsa kowace safiya.

Yaƙin Borno da kibiyar Dugul

Babban gwaji na ƙarshe ya zo ne daga gabas. Faɗaɗar ikon Kabi zuwa Azbin ta taɓa muradun Borno, wadda ke ganin yankin nata ne. Sarkin Borno, wanda ruwayoyi ke kira Mai Ali, ya taso da runduna ya ratsa ƙasar Hausa har ya yi wa Surame ƙawanya.

Tarihin baka ya adana wata dabara da aka ce an yi a lokacin. Da mayaƙan cikin birni suka yi ƙaranci, sai aka jera gawarwaki a kan ganuwa da bakuna a hannunsu, aka tsaga musu leɓɓa yadda mai kallo daga nesa zai ga kamar dariya suke yi. Maharan suka ɗauka birnin cike yake da mayaƙan da ko a jikinsu, suka janye.

Kanta bai bar su sun tafi salin alin ba. Ya bi sawunsu har yankin Nguru, inda aka yi ta gwabzawa yana samun galaba. A kan hanyarsa ta komawa gida ne, a wani wuri da ake kira Dugul cikin ƙasar Katsina, wasu da suka yi masa tawaye suka tare shi, kibiya ta same shi. Ya rasu a Jirwa, mutanensa suka ɗauko gawarsa zuwa Surame. Akwai ruwayar da ta ce an yi kaburbura da dama don kada abokan gaba su gane ainihin inda yake kwance. Rasuwar tasa ta kasance a tsakiyar ƙarni na 16, bayan kimanin shekaru arba'in yana mulki.

Mutumin da Songhai da Borno suka kasa kayarwa a bakin gulbinsa, a kan tudu ya gamu da ajalinsa, tafiyar kwanaki da yawa daga ruwan Kabi.

Bayan Kanta

Sunansa ya zama sarauta, magadansa suka ci gaba da amsa sunan Kanta. Akwai wata shaida a rubuce da ke nuna cewa jiragen Kabi ba tatsuniya ba ce. Bayan sojojin Maroko sun karya Songhai a yaƙin Tondibi a 1591, Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya aiko wa Kanta Dawuda wasiƙa a wajejen 1594. A ciki ya zarge shi da bai wa shugabannin Songhai da suka gudu mafaka, ya kuma buƙaci a riƙa ba shi jiragen ruwan da aka saba bai wa Askiya. Sarkin da ke zaune a Marrakesh, a ƙetaren Sahara, ya san cewa riƙe Kogin Kwara sai da jirage, kuma ya san inda ake samun su.

Ƙarfin Kabi ya ɗore fiye da shekaru ɗari bayan Kanta, sannan ya fara ja da baya. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ƙwace ƙasar Adar. Zamfara ta yi ƙarfi, Gobir ma haka. A farkon ƙarni na 18 aka bar Surame, fada ta koma Birnin Kebbi. A tsakiyar wannan ƙarni Sarkin Gobir Babari ya ci Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa a bakin Gulbin Rima, wadda kufanta ke cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni a yau. Masu jihadi sun ci Birnin Kebbi a 1805 ƙarƙashin jagorancin Abdullahi ɗan Fodiyo, suka ci Alƙalawa a 1808.

Ko a nan fadama ba ta daina yi wa zuriyar Kanta rana ba. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya sun tattara a Argungu, kuma daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 har zuwan Turawa, Sakkwato da Gwandu ba su iya murƙushe su ba. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya ratsa kwarin a 1853 ya kuma dawo ta nan a daminar 1854, ya sha fama da fadamun da suka cika.

Zaman lafiya tsakanin gidajen biyu ma a bakin ruwa aka ƙulla shi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali, wanda ake yi a Matan Fada bayan ruwa ya janye, tare da wasannin kabanci irin su tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa. UNESCO ta saka bikin a jerin al'adun duniya a 2016. Tsohuwar fadar Argungu kuwa tun 1958 ta zama gidan tarihi mai ɗauke da sunan Kanta.

Gulbin a yau

Ruwan da Kanta ya sani ya sauya. An gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, aka kammala ta Goronyo a kan Rima a 1984, mai iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Cikar gulbi a ƙasan madatsun yanzu ta danganta da lokacin da aka saki ruwa, kuma ambaliyar Satumban 2010 ta nuna irin ɓarnar da ke biyo baya idan ruwan ya fi ƙarfin madatsa. A saman Goronyo kuwa, wato yankin Sabon Birni da Isa, har yanzu sama ce ke yanke ranar zuwan sabon ruwa.

Abin da bai sauya ba shi ne dogaro da kwale-kwale. Sai dai jirgin da ya zama alamar ƙarfin Kabi a da, yau ya fi fitowa a labaran makoki. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya nutse a Kogin Kwara kusa da Warrah a Jihar Kebbi, mutum fiye da ɗari suka salwanta. A watan Afrilun 2022 mutum 29, akasarinsu yara, suka rasu a wani hatsarin kwale-kwale a Ƙaramar Hukumar Shagari. A watan Agustan 2025 wani jirgi ɗauke da masu zuwa kasuwar Goronyo ya kife. Dalilan kusan iri ɗaya ne kullum: tsohon jirgi, lodi fiye da ƙima, babu rigar kariya. A gabashin Sakkwato matsalar tsaro ta ƙara nauyin abin, domin wanda ya gudo daga hari da dare ba ya tsayawa ƙidaya mutanen da ke cikin jirgi.

Dokokin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, sun hana tafiyar dare da lodin wuce kima, sun kuma wajabta saka rigar kariya. Amma doka ba ta isa mashigin ƙauye sai an kai ta. Sarautun Sarkin Ruwa da shugabannin masunta da masu fito suna nan a garuruwan bakin gulbi, kuma su ne suka san kowane jirgi da mai shi da kuma inda ruwa ke juyi.

Kanta ya yi mulki da tsanani, kuma ba kowane abu nasa ne abin koyi ba. Amma ya ɗauki watannin cikar gulbi a matsayin lokacin aikin hukuma, ya tanadi jirgi da matuƙa tun kafin ruwa ya zo, ya kuma je da kansa inda ruwa ya yanke. Ga gwamnatocin Sakkwato da Kebbi da ƙananan hukumomin da ke bakin Rima, lokacin gyaran jirage da rarraba rigunan kariya da zama da sarakunan ruwa shi ne watan Afrilu da Mayu, sa'ad da yara ke wasa a kan yashin gulbin. Ba a fafe gora ranar tafiya.